Dutsen Niƙan Innata

Shekara uku ke nan da ruwan dam ya ci ƙauyenmu lokacin da maigidana ya sami aikin kai Turawa yawo. An kwashe mu an zube a kan wani tudu kusa da Maradun. Ƙasa ce ja mai tsakuwa, in ka shuka gero sai ya tsiro ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallonka. Mu da muka saba da fadama, albasa da rake da dankali har mu ba maƙwabci, sai ga mu muna kankare gindin rumbu tun kafin bazara. Saboda haka ranar da Malam, maigidan nawa, ya shigo da hular kamfani a kansa, surukata, wadda duk gidan muke kira Gwaggo har shi ɗan nata, ta rangaɗa guɗa. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. 'Ya'yana huɗu a lokacin, kuma ƙaramin yana shan nono.

Sauran kwanakin mako wankin jirgin ruwan kamfani yake yi da gadinsa. Lahadi ita ce ranar aikin gaske. Turawan da suka rage bayan an gama dam, masu haƙa magudanan ruwa zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura, ba sa aiki ran Lahadi, kuma zaman gida yana gundurarsu. Sai babbansu ya tsara musu fita, aka nemi ɗan ƙasa wanda ya san daji ya san ruwa, aka dace da Malam.

Fitar ba ta canzawa. Da hantsi su cika Landiroba biyu, su bar kwalta da gangan, su bi burtali da kwazazzabai da gonakin da aka yasar. Malam yana zaune a kan hancin motar gaba, ya riƙe tayar da ke ɗaure a wurin da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna wa direba inda rami yake. In mota ta yi tsalle su yi ta dariya. Daga nan su shiga jirgin ƙarfe mai inji, a kai su saman tsohon ƙauyenmu. Da bazara ruwa yakan ja baya ya kwanta, zurfinsa a wurin bai fi tsayin mutum da rabi ba. Sai su sa wani tabarau mai roba da ke rufe ido da hanci, su ciji bututu a baki don numfashi, su sa takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, su kifa a kan ruwa suna leƙen abin da muka bari. In azahar ta yi a kai su ƙasan dam, inda ake sakin ruwa ta ƙofofin ƙarfe yana faɗowa fari fat, a soya musu kifi su ci, su ɗauki hoto.

Malam yakan dawo da la'asar da guntun burodi da kwalaben da suka shanye, ya zauna a tsakar gida yana kwaikwayonsu, yadda suke hura ruwa ta bututu kamar dorina, yadda bayansu ke yin ja kamar an toya su. Yara su yi ta birgima don dariya. Ya ce katangu duk sun narke, ba abin da ya rage sai bakin rijiya da tukwane da busassun itatuwa a tsaye, amma Bature sai ya tambaya ina kasuwa, ina gidan sarki. Shi kuwa ya nuna duk inda hannunsa ya faɗa, ai laka ba ta ƙaryata mutum.

Wata Laraba da rana yana cin ɗumame a ƙofar ɗakinsa, Gwaggo tana gefe, ni ina sussuka, sai ya ce matar babban Bature ta hango wani dutsen niƙa a gindin tsamiyar nan da rassanta ke fitowa saman ruwa. Ya shiga ranta. Tana so ta ajiye shi a lambun ƙofar gidanta, a riƙa zuba wa tsuntsaye ruwa a cikin lotsawarsa. Ran Lahadi za su tafi da igiya da ƙarfe su ciro shi. Ya nuno ni da haɓa, ya ce ai gidan su wagga ne, ashe marigayiya, wato Innata, ta bar mana gado. Ya ƙara da cewa Baturiyar tana son mace ta nuna mata yadda ake niƙa, don haka wannan karon ni zan bi su in soya kifin.

Taɓaryar ba ta faɗi daga hannuna ba. Na ci gaba da sussuka har na gama.

Abin da ke ƙarƙashin dutsen nan ɗiyata ce ta fari. Shekara goma sha biyu kafin wannan ranar na je gidanmu haihuwa, kamar yadda ake yi wa kowace yarinya a cikin fari. Malam yana can ci-rani, damina ce kawai ke dawo da shi. Na haifi mace, ta yi kwana biyar, ta koma kafin suna. Babana ya wanke ta, ya naɗe a ƙyallen rawaninsa, ya haƙa a bayan ɗakin Innata, gabas da tsamiya. Ya fasa tukunyar miya ya rufe ta da ɓallin, ya mai da ƙasa. A garinmu jaririn da bai kai suna ba a cikin gida ake sa shi. Da yamma Innata ta ga karen maƙwabta yana shinshina wurin, sai ta mirgino tsohon dutsen niƙanta ita kaɗai, ta ɗora a kai. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ai magana ɗaya ce, ki faɗa wa mijinki mana. Amma mace ba ta zancen ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. In ya mutu kuwa, kukan ma a bayan gida za ta yi shi, ta wanke fuska ta fito. Namiji ma haka. Da Malam ya dawo aka ce masa abin bai tsaya ba, ya ce Allah Ya sa mai ceto ce, ya tambayi yadda farashin gero yake. Bai tambayi inda aka sa ta ba, ni kuwa da na faɗa masa gara ƙasa ta tsage in shige. Duk zuwan da nake yi gidanmu bayan haka, in zan wuce ta bayan ɗakin Innata sai in kau da kai, kada wani ya ga ina kallon wurin. Ranar da motar kamfani ta zo kwashe mu, Innata ta ɗauki tukwanenta da tabarminta, ta bar dutsen. Wata maƙwabciya ta ce kin manta dutsenki, ta ce ya tsufa. Ita da Babana duka a kan tudu suka rasu, shekara guda a tsakani.

Kwana huɗu ke gare ni. Ran Alhamis da safe na kai wa Malam kunu, na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ban tashi ba. Ya ce lafiya. Na ce dama dutsen nan ne, kayan matattu ne, da an bar shi inda mai shi ta bar shi. Ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. Ya ce marigayiya ta yi wata biyu tana jinya, ta yi wasiyyar akuyarta ta yi ta zanenta, bai ji ta ce a kai mata dutse kabari ba. Ya ce ko kishi nake da tsuntsayen Bature. Na ɗauki kwanon na fita.

Ran Juma'a da maza suka tafi masallaci a Maradun, na sami Gwaggo a inuwar rumbu tana kaɗi. Ita ta sani, don ta zo gaisuwa a wancan lokacin, kuma a gabanta Innata ta mirgina dutsen. Na yi tunanin in ta faɗa masa da bakinta na manya, ni na huta, shi ma ya huta. Na gaishe ta na tambayi ƙafarta, na tambayi audugar, sannan na sunkuyar da kai na ce ko ta tuna abin da ke ƙarƙashin dutsen da za a ciro.

Mazarin bai tsaya ba. Ta ce, "Na tuna. To sai mi?"

Na ce da za ta taimaka ta sa baki.

"Ke yanzu da girmanki, da ɗiya huɗu, kin zo ki yi man zancen ta hwari? Uwarki ba ta koya maki kunya ba, ko ita ma ruwa ya ci ta tare da gidan?" Ta lashi yatsa ta ja zare. "Kwana biyar. Abin da ko suna ba a raɗa mai ba. Ni ukku nib binne, kin taɓa jin na ambace su?"

Na ce a'a.

"In Bature ya ƙwace hular ga, ɗiyanki masu rai tsakuwa za su ci? Tashi ki ba ni wuri, kin tare man iska."

Na tashi. Zagin bai dame ni ba kamar maganar ƙarshe, don ita gaskiya ce. A shekarar nan na ga gidajen da ake dafa tafasa ba gishiri a ba yara. Ran Asabar na yini ina gaya wa kaina cewa rai yana wurin Mai shi, ƙasa ƙasa ce, dutse dutse ne. In na gama sai in ga a zuci kifin tarwaɗa yana tona laka da gemunsa, kamar yadda muke gani a fadama muna yara.

Ran Lahadi na bar wa Gwaggo yara, na goya ƙaramin, sai ta ce in sauke shi, Turawa ba sa son kuka. Na sauke. Aka sa ni a bayan motar gaba tare da kasko da kwalbar man gyaɗa da ɗaurin itace. Igiyar tana naɗe a ƙarƙashin ƙafata, sabuwa, fara, kaurinta ya kai babban yatsa. Direban Bakano ne, shi ne kuma tafinta, mutum mai baki. Tun da na shiga ya ce maraba da Hajiyar kifaye, yau za a kai ki ganin gida. Ya ce mutanenmu ne kaɗai a duniya ke zuwa ganin dangi da jirgin ruwa su tarar ba kowa sai karfasa. Malam yana can a hancin mota, ya ji, ya yi dariya ya ɗaga masa hannu.

Ban taɓa shiga mota ba sai wadda ta kwashe mu. Wannan kuwa kamar an ɗaure mutum a bayan baƙin bijimi. Muka gangara kwazazzabo muka haura, ƙaya tana kartar jikin motar, kaina ya bugi rufi sau biyu. Baturiyar tana gaba, doguwa, gashinta kamar gemun masara. Duk tsallen da aka yi sai ta waiwayo ta dube ni tana dariya, da ta ga ban yi ba ta miƙo mini alewa a takarda. Ba muguwa ba ce, wannan shi ya fi mini ciwo. Da muguwa ce da na san inda zan ajiye ta a raina.

A bakin ruwa na fara sauke kaskona, na ce a nan zan jira su. Baturiya ta kama hannuna ta yi magana, direba ya ce wai ki zo ki ga gidanku, ba ki yi kewa ba. Na dubi Malam. Yana kwance jirgi, bai ɗago ba. Na shiga.

Tafiya kaɗan na hango tsamiyar. Rassa uku ne a sama, farare da kashin balbela. A ƙarƙashinta aka yi mini kitso na farko, a ƙarƙashinta Babana yake biya wa manya karatu bayan la'asar. Aka kashe inji, aka ɗaure jirgi a reshe. Turawa huɗu suka tuɓe, suka sa tabaransu suka faɗa ruwa, bututansu a tsaye kamar karan dawa. Malam yana tsaye a kan jirgi yana yi musu bayani da hannu da ɗan yarensu da ya tsinta, nan zaure, nan rumbu, nan turken akuya. A wannan karon gaskiya yake nunawa, don gidan da ya yi zaryar neman aure ne.

Baturiya ta ɗago daga ruwa ta kama gefen jirgi, ta cire tabaranta ta miƙo mini. Na girgiza kai. Ta hau, ta zame mini ɗankwali baya da hannunta mai sanyi, ta ɗaura mini abin a fuska, ta dafa ƙeyata a hankali har fuskata ta taɓa ruwa. Da farko kore kawai na gani. Sannan ya washe, na ga saiwar tsamiya, na ga wuyan wata randa. Sai ga dutsen can, a kwance kamar tunkiya mai barci, gansakuka ta rufe rabinsa, ƙananan kifaye suna shawagi a cikin lotsawar da hannun Innata ya yi. Shekara tara kafin ruwa ya zo ina wucewa ina kau da kai. Ranar ce na fara kallonsa sosai, da tabarau na aro, da hannun baƙuwa a wuyana. Ban ɗago ba sai da numfashina ya ƙare. Direba ya ce Hajiya ta ga 'yan'uwa, ta ƙi dawowa.

Malam ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya ɗora hular a kai, ya ɗauki ƙarfen ya nutse ba tabarau. Ruwan ya ɗauki launin kunu. Ya ɗago ya sha iska ya koma. A na uku ya tafi da bakin igiya, ya daɗe har wani Bature ya fara duba agogo. Da ya fito ya ɗaga yatsa, maza huɗu suka ja, jirgin ya karkata har ruwa ya shigo ya jiƙa mini zane. Dutsen ya ƙi, ya ƙi, sannan ya saki.

Suka mirgino shi tsakiyar jirgi, daidai ƙafata, suna tafi. Ƙasansa duk baƙar laka ce, a cikinta wani ɓallin tukunya ya manne, faɗin tafin hannu, da sauran baƙin hayaƙi a bayansa. Na san tukunyar, na sha miyar kuka daga cikinta. Wani saurayin Bature ya ɓamɓaro shi ya juya ya duba, ya ga ba wani abu ba ne, sai ya karkata ya wurga shi a kan ruwa. Ya yi tsalle sau huɗu kafin ya nutse, sauran suka yi masa shewa. Ni ina kallon inda ruwa ya gurɓace, ina jiran ko wani abu fari zai taso. Malam ya hau jirgi idanunsa jajir, bai dube ni ba, ya shiga ba'a da direba fiye da kullum. Aka ta da inji, ruwan bayan jirgi ya shafe wurin.

A ƙasan dam ƙarar ruwa ta cika ko'ina, feshinsa yana sauka a kan mutum kamar yayyafi. Turawa suka yi ta shiga ƙarƙashinsa suna fitowa. Na haɗa murhu a bayan wani dutse na soya karfasa, na barbaɗa gishiri da yaji kaɗan yadda Malam ya ce. Hannuna ya yi aikinsa, ko ɗaya bai ƙone ba. Su kuwa suka mirgina dutsen Innata inda feshi ke sauka, suka goge shi da buhu har ya fito fes, ja-ja, yadda ban taɓa ganinsa ba.

Da suka ƙoshi Baturiya ta fito da dawa a ƙunshin takarda, ta zuba a kai. Babu ɗan dutsen, don ba a bar shi tare da uwar ba, sai Malam ya tsinto wani mulmulalle a bakin ruwa ya miƙo mini, fuskarsa a gefe. Na durƙusa. Gwiwata ta sami wurinta, hannuna ya sami lotsawar. Na niƙa. Direba ya ce ai niƙa ba ta yi sai da waƙa, Hajiya ki rera musu ko ɗango ɗaya. Da na ci gaba da niƙana sai ya maƙale murya irin ta mata ya rera da kansa, yana karkaɗa kafaɗa, Turawa suna riƙe ciki. Baturiya ta durƙusa kusa da ni ta gwada, ta goge yatsunta, ta tsotsa tana dariya, ta rungumi kafaɗata aka ɗauke mu hoto. Ta kwance ɗankwalin wuyanta ta ba ni. Na karɓa hannu biyu, na yi godiya, har na ce Allah Ya sa alheri.

Da la'asar sakaliya suka sauke mu a mararraba, motar ta wuce Talata Mafara da dutsen a baya an shimfiɗa masa buhu. Muka kama hanyar tudu, shi a gaba, ni a baya da kasko a kai. Ba kowa a hanya sai wasu awaki. Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe.

"Malam, ɗiyarka tana ƙarƙashin dutsin nan."

Bai waiwayo ba. Muka yi taku kamar goma.

"Gwaggo ta hwaɗa man tun ran Juma'a."

Na ce, "Kuma kat tahi."

"Na tahi. Ke ba ki tahi ba? Wa yas soya kihin? Wa yad durƙusa yay yi niƙa?" Ya tsaya, ya juyo, hular tana hannunsa yana murɗa ta. "Shekara goma sha biyu kina kwana da zancen ga. Ran Alhamis kinka durƙusa gabana kina man zancen kayan matattu. Sai da dutsi ya hau mota kinka samu baki."

Na ce ai shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya ce namiji ba ya tambayar wannan, na fi kowa sani. Ya ce Gwaggo ta gaya masa ne don ya ja mini kunne kada in yi abin kunya gaban Turawa, kuma da zai je ya ce wa babban Bature a fasa, da sai an tambaye shi dalili, da sai ya faɗa da bakinsa, ta bakin wancan direban. Ya ce a nutsewa ta uku ya tura laka da ƙafa ya rufe ramin iyakar ƙarfinsa. Ban san ko gaskiya ne ba, ruwan kunu ne lokacin, ba wanda ya gani. Ya mai da hularsa muka ci gaba. A gida Gwaggo ta ga ɗankwalin, ta ce ya fi dacewa da tsohuwa, ta ɗaura.

Ran Talata da safe na jiƙa dawa na je niƙa, na tarar ba dutsena, sai gurbinsa a ƙasa da kiyashi suna watsewa. Dutsen da aka kawo ni da shi ne, ba ni da wani. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce ta ga Malam bayan sallar asuba ya ɗora shi a kan jakin aro ya nufi ruwa. Da hantsi ya dawo wandonsa a jiƙe. Na kai masa ruwa, na durƙusa, na tambaye shi ko ya dace da wurin. Ya ce iska ta tashi jiya, ruwa ya gurɓace, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ya dai kai kwale-kwale gindin tsamiya ya sake shi. Ya sha ruwan, sannan ya tambaye ni, idonsa a kan moɗa, ɗakin marigayiya ta wane gefe yake.

Na ce gabas.

Ya ajiye moɗar. Can ya ce to. Ban tambaye shi gefen da ya saki ba, na gani a fuskarsa. Ya ce mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi a cikin ruwa, sai dai a jira a ga yadda Allah zai yi.

Gwaggo da ta ji ta yi rantsuwa ba wanda zai sayo wani dutse a gidan nan, tunda na iya sa miji zubar da dukiya a ruwa, in iya niƙa da haƙori. Daga ranar nake ɗaukar ƙwarya in shiga maƙwabta, in jira mai dutse ta gama nata. Kullum sai an tambaye ni ina nawa, kullum in ce ya fashe.

Lahadi biyu bayan haka ruwa ya sake kwantawa. Ƙawar Baturiya, wadda ta ga dutsen a lambu ta yi sha'awa, ta kifa da tabaranta a yamma da tsamiya ta hango wani, sabo-sabo, ko gansakuka bai kama shi ba. Ba su zo da ƙarfe ba, amma igiyar tana cikin jirgi, kuma wannan bai nutse a laka ba. Malam ne ya ɗaure shi, nutsewa ɗaya. Ba shi ya gaya mini ba, direba ne ya ba da labarin a kasuwar Talata, ya zagayo har tudunmu.

Ranar ya dawo da gwangwanin kifi biyu, irin na Turawa mai mabuɗi a jiki. Ya ajiye a ƙofar ɗakina ya wuce nasa. Yara suka kewaye ni suna tsalle, babbar tana cewa Inna ki buɗe, Inna ki buɗe. Na buɗe, na raba musu a kan tuwo, na ɗiga man a bakin ƙaramin.